Tsatsa ta ci Fijo 504 ɗin mahaifina, a yanke a yi walda ko a shafa fila?

Magajin504: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san aikin jikin mota. Akwai Fijo 504 salun ta mahaifinmu Allah ya jiƙansa, haɗin Kaduna ce, fara, tun ina firamare nake ganinta a ƙofar gida. Bayan rasuwarsa aka tura ta ƙarƙashin bishiyar mangwaro ta bayan gida, ta yi shekara 8 ba wanda ya taɓa ta, da aka zo rabon gado na ce a sa min ita a kasona. Inji dai alhamdulillahi, bakanike ya wanke kafireto ya canza fulogi da mai, kwana biyu ta tashi. Jikin ne matsalar. Ƙasan ƙofofi huɗun nan fenti ya yi ƙuraje-ƙuraje, na danna ɗaya da makulli kawai sai ya burma. Na ɗaga kafet ɓangaren direba ina hango ƙasa ta wani rami da ya kai tafin hannu, bakin madigad na baya shi ma yana marmashewa. Na kai wa fanibita biyu. Na farko ya ce zai kankare ya sa fila, wato ƙullun nan da ake shafawa a daidaita jikin mota, ya yi fenti, sati ɗaya in zo in ɗauka. Na biyun ya ce sai an yanke an sa sabon faranti, wata ɗaya da rabi, kuɗinsa kuma ya kusa ninka na farkon sau uku. Ni albashi nake ɗauka, amma wlh ba na so in ɓata motar nan. Me kuka gani?

Oga Fanibita: Wa alaikumussalam, Allah ya jiƙan Baba. Ɗan uwa shekarata 27 a sana'ar nan kuma magana ɗaya zan faɗa maka, duk inda makulli ya huda to babu ƙarfe a wajen, kuma fila ba ƙarfe ba ce. Waɗannan ƙurajen da ka gani a fenti ba daga waje suka fara ba, daga ciki tsatsar ta cinyo ƙarfen har ta ɓullo, abin da idonka ya gani ƙarami ne a kan abin da ke baya. In aka shafa fila a kai damina ɗaya ko biyu za ka ga ƙurajen sun dawo a daidai inda suke. Na biyun nan shi ya faɗa maka gaskiya.

Dillalin Mota: Oga ka san ina girmama ka amma mu duba aljihun mutum mana. Motar da ta haura shekara 30, nawa za a saye ta ko an gama gyaran? In ya zuba wannan kuɗin ba zai taɓa fitar da shi ba. Ni a ganina a yi mata fila mai kyau a fesa fenti ya riƙa hawa ranar Juma'a da sallah yana tuna mahaifinsa, shikenan. Ba Legas zai je da ita ba ai.

Magajin504: Alhaji ba ta sayarwa ba ce, ko nawa aka taya. So nake yarana su shiga motar da kakansu ya kai ni makaranta da ita.

Dillalin Mota: To in haka ne magana ta canza, amma duk da haka ka yi lissafi da kyau kafin a fara yanka, don na sha ganin mota an fede ta kuɗi ya ƙare ta shekara a gareji kaji na ƙwai a ciki.

Oga Fanibita: Wannan kam gaskiya ne Alhaji, yana faruwa. Shi ya sa ake raba aikin gida-gida. Amma batun ba Legas zai je ba, ka sani 504 salun ba ta da shasi daban kamar tsohuwar Land Rover ko babbar mota, jikin nata shi ne shasin. Dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofi wanda kake tsallakewa in za ka shiga, da daɓen ƙasa, da wajen da kan shok na gaba yake ɗaure, su ke riƙe da motar gaba ɗaya. In sun ruɓe ko daga Kurna zuwa Bata ne aka yi karo motar naɗewa za ta yi, ga yara a ciki. Ƙofa da madigad ado ne za su iya jira, waɗancan ba sa jira.

Tsohon Direba: Salamu alaikum. Yarona ne ya nuna min wannan magana na ce sai na sa baki. Na ja 504 doguwa mai layi uku a hanyar Kano zuwa Jos shekara da shekaru, fasinja bakwai da kaya a baya, ba ta taɓa kunyata ni ba. Ɗana Magaji, ka ce ƙarƙashin mangwaro ta zauna ko? To ka je ka duba gindin gilashin gaba wajen waifa, ganye ya cika wajen ya toshe hanyar ruwa, ruwan da ya rasa mafita shi ne ya gangaro ƙafar direba ya kwanta ƙarƙashin kafet. In ba a gyara inda ruwan yake shigowa ba ko farantin zinare aka sa zai sake jiƙewa. Sannan ƙasan kowace ƙofa akwai 'yan ramuka da kamfani ya bari don ruwa ya fita, mu da duk farkon damina sai mun sa waya mun zaƙulo ƙurar hunturu daga ciki. Yaran yanzu ba su san da su ba, wani fanibitan ma toshe su yake da fila yana ganin gyara ya yi.

Magajin504: Baba wallahi kamar kana wajen. Yanzu na fita da tocila na leƙa, ganye ya zama taki a ciki har da saiwar wani abu ta fito. Allah ya saka da alheri.

Malamin Kimiyya: Bari in ɗan ƙara a kan maganar Oga don a gane dalili. Tsatsa abu uku take buƙata, ƙarfe da iska da laima, in ka raba ta da ɗaya ta tsaya. Matsalar ita ce tsatsar ƙarfe ba ta rufe fuskar ƙarfen kamar yadda alminiyom yake yi wa kansa, ita sako-sako ce kamar soso, tana shan ruwa tana riƙewa, kuma tana kumbura ta fi ƙarfen da ta cinye girma, shi ya sa take ɗaga fenti. Ita kuma fila roba ce aka kwaɓa da hoda, in bayanta a buɗe yake tana tsotsar laima. To ka ga in ka shafa ta a kan rami, ta gaba ka rufe da fenti ta baya kuma ruwan taya yana dukanta, ka haɗa wa tsatsar jiƙaƙƙen bargo kenan. Ba wai fila haramun ba ce, an yi ta ne don daidaita ɗan lotsawa a kan lafiyayyen ƙarfe, kaurinta kar ya wuce kamar milimita 3.

Ɗan Agege: Ku a Arewa ma kun ji daɗi wlh. Nan Legas iskar teku da gishirinta mota ko a ajiye take tana ci, ga ambaliya duk damina. Haka motocin tokumbo da suka fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, sama fes ƙasa a ruɓe. Masu neman tsohuwar 504 ko Boswaja a nan Arewa suke aikawa a nemo musu don jikin ya fi lafiya. Tambayata ga Malam, wannan ruwan da ake sayarwa a roba wai yana kashe tsatsa, ana shafawa ta koma baƙi, ba zai wadatar ba?

Malamin Kimiyya: Yana aiki amma a inda ya dace. Yawancinsu asid ɗin fosforik ne ko tanik a ciki, yana juya tsatsar sama ta zama wani baƙin ɓawo da ba ya ci gaba. Sai dai iya inda ya jiƙa yake aiki, in tsatsar ta yi kauri sama kawai zai taɓa ƙasan na nan da ranta, kuma ba ya dawo da ƙarfen da ya tafi. A rufin mota ko bonet inda fenti ya ƙone tsatsa ta yi ja-ja, a goge da buroshin waya da samfefa har ƙarfe ya yi haske sannan a shafa shi saboda 'yan ƙananan ramukan da samfefa ba ta kaiwa. Amma inda ya huje sai wuƙa.

Toliyen Maraɗi: Salam 'yan uwa na Najeriya. Mu nan toliye muka ce ma fanibita, fila kuma mastik. 504 da 404 mun gyara su ba adadi don su ne taksin daji namu shekaru da yawa. Shawarata ga mai mota, ƙofa kada ka wahal da kanka da faci in ta ruɓe ƙwarai, ka biɗi wata ƙofar ta tsohuwar mota ka ɗaura, ya fi sauƙi kuma layin jikin ya fi fita daidai. Mu har kasuwar Katako ta Yamai muke aikawa a duba muna. Ku da ke da kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka ai ba ku da matsala.

Ɗan Kakuri: Gaskiya ne akwai su amma sun fara wuya fa, 'yan gwangwan sun sare da yawa an auna a kilo an kai kamfanin narka ƙarfe, abin yana min ciwo. Mahaifina a PAN, kamfanin haɗa Fijo, ya yi aiki har ya yi ritaya, nan Kakuri, tun 1975 suka fara haɗa mota a wajen kuma 504 ba a daina yin ta a Kaduna ba sai bayan shekarar 2000, alhali a Turai an daina salun ɗin tun 1983. Motar da ta fito a 1968 ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma ci tseren Safari na Kenya a 1975, ba ƙaramar mota ba ce. Magaji in za ka sayi ƙofa ka tafi da maganadisu, ko na tsohuwar sifika ne, ka naɗe shi a ƙyalle ka bi ƙasan ƙofar da shi. Inda ya kama da ƙarfi ƙarfe ne, inda ya saki fila ce aka cika. Ka kuma cire kwalin ciki ka haska tocila ƙasa. Sannan ka lura ƙofar baya ta salun da ta doguwar ba ɗaya ba ce kar a haɗa ka da wadda ba za ta hau ba.

Magajin504: Na gode ƙwarai. Na gwada maganadisun a motar tawa ma yanzu, madigad na baya ɓangaren dama sam bai kama ba wajen faɗin hannu biyu. Na tuna an taɓa buga wa Baba ita a wajen ina ƙarami.

Oga Fanibita: To ka shirya ganin abin mamaki a wajen. Bari in faɗa maka yadda aikin yake in za a yi shi tsakani da Allah, don ka san abin da za ka tsaya a kai ko ba ni zan yi ba. Da farko a fitar da kujeru da kafet da duk wani soso, a cire batir, a sauke tanki. A kankare fenti a zagayen wajen har sai an ga farin ƙarfe mai ƙyalli ta ko'ina, sannan a yanke ruɓaɓɓen a ƙara kamar yatsa biyu cikin mai lafiyan, don bakin tsatsa ya yi siriri ko bai huje ba, kana sa masa wuta zai narke. A ɗora kwali a zana siffar ramin, a yanko faranti daidai da shi. Kaurin farantin ya zama irin na motar, na jiki wajen geji 20 ne wato kusan milimita 1, na ƙasa da wajen da ke ɗaukar nauyi a sa geji 18. A lanƙwasa shi da guduma ya ɗauki siffar wajen tun kafin a kunna wuta. Sai a haɗa baki da baki, ba a ɗora wani kan wani ba, don in ka ɗora ka bar aljihu a tsakani ruwa zai shiga ya zauna kuma daga nan sabuwar tsatsar za ta fara. Waldar kuma ɗigo-ɗigo ake yi, ka ɗiga nan ka tsallaka can nesa ka ɗiga, ka bari ya huce, ka ɗan daddaka da guduma da ƙarfen tokare a baya, a haka har ɗigon su haɗe. Mai gaggawa ya ja layi ɗaya zuuu sai farantin ya murɗe kamar faifai, daga nan sai ya nemi fila kilo biyu ya rufe kunyarsa.

Bakaniken Tudun Wada: Oga wace walda kake nufi? Don mu nan duk fanibitocin da na sani gas ne da kabaid. Wani abokina yana cewa in ba injin walda na MIG ba aikin banza ne.

Oga Fanibita: Abokinka ya yi zafi da yawa. MIG ɗin ta fi, ba musu, waya ce siririya da gas na CO2, zafinta a waje ɗaya yake tsayawa faranti ba ya murɗewa sosai. Amma nawa ne suke da ita, ga rashin wuta ga tsadar janareto? Ni da gas na koya kuma har gobe ina yi, in hannu ya iya aka sa ƙaramin baki aka rage wuta aiki yana kyau, waldar gas ma ta fi laushin daddakawa. Wadda ban yarda da ita ba a jikin mota ita ce waldar lantarki ta masu ƙofa da taga, sandar nan huda siririn faranti take yi. Sai kuma masu like faci da jan ƙarfe wato biras, yana saurin kamawa shi ya sa suke so, amma hodar da ake haɗawa da shi in ba a wanke ta tas ba tana tayar da fenti daga baya, kuma ni ba na sa shi a wajen da ke ɗaukar nauyi.

Toliyen Maraɗi: Oga ka yi gaskiya. In ƙara da abu guda, in za a yanke ƙarfen ƙarƙashin ƙofa kada a yanke ɓangare biyu lokaci guda, kuma a gicciya ƙarfe a bakin ƙofar a ɗiga mishi walda ya riƙe. Na ga wanda bai yi haka ba, motar ta lotsa a tsakiya, da ya gama ƙofa ta ƙi rufuwa. A riƙa gwada ƙofar ana aiki ana duba tazara.

Uwar Biyu: Sallama. Ni ban san aikin mota ba amma dan Allah maganar sauke tanki kar a ɗauke ta da wasa. Motar maigidana a gaban idonsa ta ƙone ƙurmus a gareji, ana walda a ƙasa kafet ya kama daga ciki ba wanda ya lura sai da hayaƙi ya turnuƙe, yaron da ke ƙarƙashi da ƙyar aka jawo shi, har yau akwai tabo a hannunsa. Ba ruwa a kusa ba abin kashe gobara. Ƙanina Magaji ka tsaya da kanka ka ga an cire komai, kuma a ajiye mutum ɗaya da bokitin ruwa yana kallon cikin motar duk lokacin da ake walda.

Magajin504: Subhanallahi. Allah ya kiyaye gaba Yaya, in sha Allahu zan tsaya.

Malamin Kimiyya: Allah ya ƙara kiyayewa. Kuma tankin da ba mai a ciki ya fi cikakke haɗari wajen fashewa don tururin fetur ne ke kamawa, a kai shi nesa. Wani abin kuma, kar a yarda a yi faci da kwanon rufi. Na ɗaya ya yi siriri, na biyu an shafe shi da zinki, in wuta ta taɓa shi farin hayaƙin nan yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Madarar da masu walda ke sha wai tana wanke hayaƙi ba ta hana komai, iska mai kyau da abin rufe hanci su ne kariya.

Dillalin Mota: Na ga har da jikin tsohon firij da durom ana yi ai.

Oga Fanibita: Ana yi Alhaji. Na firij ya cika siriri. Durom kaurinsa ba laifi amma ka san me aka zuba a ciki? Ni na fi son in yanko daga rufin ko bonet ɗin wata matacciyar mota, ƙarfen mota ne ɗan uwansa, yana lanƙwasuwa yadda ake so. In ba a samu ba a sayi sabon baƙin faranti.

Magajin504: 'Yan uwa ga labari bayan sati biyu. Na bi shawara na kai wa na biyun, muka yi da shi za a fara da ƙasa da ƙarfen ƙarƙashin ƙofofi wannan watan, sauran sai an yi albashi. Jiya ya sa giranda a madigad ɗin nan da maganadisu ya ƙi kamawa, wallahi abin da ya fito sai da na zauna. Fila ta kai kaurin yatsana, a bayanta ragar waya irin ta kejin kaji da takardar buhun siminti aka cusa, ƙarfen da ke kewaye duk ya zama gari har ya ci zuwa cikin but. Na tuna ranar da Baba ya dawo da motar nan daga gyara yana murna yana cewa ta koma sabuwa, ya biya kuɗinsa cas bai san abin da aka binne masa ba. Abin ya tsaya min a rai jiya ko barcin kirki ban yi ba. Shi fanibitan ya ce da a lokacin an yanke an sa faranti da bai wuce tafin hannu ba, yanzu sai an ƙera bakin madigad ɗin gaba ɗaya.

Tsohon Direba: Allah ya jiƙan mahaifinka ɗana. Ka yi haƙuri, mu ma an yi mana irinta ba sau ɗaya ba. Tunda ka gani da idonka yanzu ka sa ya bi duk jikin kar a bar ko'ina a rufe. Ka ce ya duba ƙarƙashin batir don ruwan batir yana cin wajen, da inda ake kafa jak, da ƙasan but a kusurwa, da bayan fitilun gaba inda taɓo ke taruwa.

Dillalin Mota: Kai, wannan ba gyara ba ne zalunci ne. Ni da na ce a yi fila ba irin wannan nake nufi ba Allah ya sani. Na janye maganata a kan wajen da ya huje. Amma har yanzu ina nan a kan cewa kar ya ce sai ya yi komai lokaci ɗaya.

Mai Fenti Zariya: Tun ɗazu ina karantawa ina jira a zo wajena. Duk wahalar da Oga ya lissafa in aka gama walda aka bar ƙarfe tsirara kwana uku a wannan damina to an koma gidan jiya, ƙarfen da aka goge da safe kafin yamma ya fara ja. Kuma tunda aikin naka wata-wata za a yi wannan ya shafe ka sosai Magaji. Duk inda aka gama a ranar a goge da tina a fesa firaima, wato shafen farko da ake yi kafin fenti. Kuma ba wannan mai launin toka da aka saba ba, shi yana shan ruwa, in mota ta zauna da shi a waje tsatsa na yi a ƙarƙashinsa. A nemi efoksi mai haɗi biyu, shi ne yake toshe ƙarfe ruf. Bayan shi sai 'yar fila shafe ɗaya a kan layin waldar, hadna wato maganin da ke busar da filar a sa kaɗan kamar kashi 2 cikin 100, in ka cika ta don ta yi saurin bushewa daga baya sai ta ɓata launin fentin, balle farar mota. Sai firaimar cikewa, a goge, sannan fenti. Filar kuma a bushe ake goge ta, masu goge ta da ruwa suna shayar da ita ne kawai.

Bakaniken Tudun Wada: Jan fentin nan na ƙarfe da ake shafa wa gate fa? Shi muka saba gani a ƙasan mota kuma ya fi araha nesa ba kusa ba.

Mai Fenti Zariya: Ya fi babu, a cikin daɓe inda kafet zai rufe zan iya haƙura da shi in aka ɗora wani fentin a kai. Amma a waje inda fentin mota zai hau ban ba da shawara ba, tinar fentin mota tana iya tayar da shi ya yamutse. Abin da ya fi damuna ma bayan facin ne. Kowa gaba yake kallo don ita mai mota zai gani, bayan kuma wuta ta ƙone duk abin da ke wajen an bar shi tsirara, daga nan tsatsa ke dawowa. Inda hannu ke kaiwa a shafa firaima a bi layin da sila mai toshe haɗin sannan baƙin kwaltan ƙasan mota. Kwaltan nan kuma kar a fesa shi kan tsatsa ko taɓo, rufewa kawai zai yi tana ci a ɓoye.

Tsohon Direba: Inda hannu ba ya kaiwa mu baƙin mai muke ɗurawa, cikin ƙofa da cikin dogon ƙarfen nan, duk shekara kafin ruwa ya sauka. Motata har na sayar ba ta huje ba.

Malamin Kimiyya: Baba dabararku ta yi aiki don mai yana korar ruwa, ba zan musa ba. Illarsa yana kumbura roba, yana ɗiga yana kama ƙura, kuma baƙin mai akwai dattin inji a ciki. Yanzu akwai kakin da ake fesawa da dogon bututu cikin irin wuraren, yana shiga lungu ya daskare. In ba a samu ba sabon mai da ɗan giris ya fi baƙin. Amma ko wanne ne sai an gama walda da fenti tukuna, in aka riga aka zuba fenti ba zai kama ba kuma wuta na iya tashi.

Tsohon Direba: To Malam na karɓa, zamani ya ci gaba. Amma ramukan ƙasan ƙofa dai a bar su a buɗe.

Magajin504: Baba na faɗa masa har sau biyu, ya ce zai ma ƙara faɗinsu kaɗan. Yau an gama ɓangaren direba, na sa ƙafa na taka da ƙarfi daɓen bai motsa ba, na leƙa ta ƙasa na ga ya shafe bayan kamar yadda Mai Fenti ya ce, efoksin ma ni na sayo da kaina. Mun samu ƙofofin gaba biyu masu lafiya, na baya za a yi musu faci don ba a samu na salun ba. Saura abu ɗaya, robar gilashin gaba ta tsattsage kuma ya ce in an cire gilashin da wuya ta koma, ga shi akwai alamar tsatsa a ƙarƙashinta ta kusurwar hagu. A cire ko a bari?

Oga Fanibita: A cire, amma kar a taɓa sai sabuwar robar tana hannunka. Tsohuwar a yanka ta da wuƙa a ɗago gilashin a hankali mutum biyu, kar a ce za a turo shi da ƙafa don a ceci roba, gilashin ya fi ta wuyar samu.

Ɗan Kakuri: Akwai wani dattijo da ke da ragowar kayan 504 a shagonsa, ranar Asabar zan shiga in tambaya maka robar. Turo min hoton gilashin da na kusurwar ta akwatin saƙo, ka auna faɗinsa sama da ƙasa ka rubuto.